Yadda Ake Bin Sawun Ƙwayar Cuta a Masana'antar Madarar Jarirai

Yawanci daga asibiti labarin yake fara zuwa. Jariri ɗan sati biyu ko uku ya ƙi karɓar abinci, jikinsa ya yi zafi, yana kuka mara ƙarfi. Likita ya ɗebi jini da ruwan ƙashin bayansa, bayan kwana biyu ɗakin gwaji ya ce an ga wata ƙwayar bakteriya mai suna Cronobacter. Aka tambayi uwa me yake sha, ta ce madarar gwangwani. Daga wannan lokaci aiki ya hau kan mutane da yawa: jami'in lafiya, ma'aikacin ɗakin gwaji, mai kula da ingancin kaya a masana'anta, da hukumar da ke sa ido kan abinci. Domin su na rubuta wannan, da kuma duk wanda yake son sanin abin da ya kamata a yi a bayan fage.

Sai an san abokin gaba kafin a fita nemansa. Ƙwayoyi biyu ne suka fi addabar garin madarar jarirai. Ta farko Salmonella, mai kawo gudawa da zazzaɓi. Ta biyu Cronobacter sakazakii, wadda a da ake kira Enterobacter sakazakii, an sa mata sunan masanin bakteriya ɗan ƙasar Japan Riichi Sakazaki a 1980. Ita wannan ba ta cika kama mutane ba, amma idan ta kama jaririn da bai kai wata biyu ba, ko bakwaini, tana shiga jini, tana haddasa sanƙarau, kuma kusan huɗu cikin goma na jariran da ta kai ga sanƙarau ba sa tashi. Waɗanda suka tashi ma da yawansu ta bar musu lahani a ƙwaƙwalwa. Abin da ya sa ta zame wa masu yin madara ƙarfen ƙafa shi ne juriyarta ga bushewa. A cikin busasshen gari ba ta hayayyafa, amma ba ta mutuwa da wuri. An nuna tana iya kwanciya shekara biyu cur, ranar da ruwa mai ɗumi ya taɓa ta sai ta farka.

Sannan a riƙe wannan da kyau: garin da ke cikin gwangwanin da ba a fasa ba, ba a taɓa yi masa dahuwar da za ta tabbatar babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa ba. Ana dafa madarar tun tana ruwa, wannan zafi yana kashe Salmonella da Cronobacter duka. Bayan nan ne ake fesa ta a cikin doguwar hasumiyar busarwa, ta zama gari, ta bi bututu, ta ratsa matankaɗi, ta zauna a rumbun ƙarfe, wani lokaci a gauraya ta da busassun sinadaran bitamin, sannan a cika gwangwani. Iskar da ke shiga hasumiyar tana kai digiri 180 zuwa 200, amma ɗigon madarar ba ya ɗaukar wannan zafi saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Don haka daga bakin tukunyar dahuwa har zuwa rufe murfi, duk ƙwayar da ta faɗa ciki ta faɗa ke nan. A wannan tsakani ne bincikenka zai fi daɗewa.

Mataki na farko: kama abin da zai iya ɓacewa yau

Kafin taro, kafin rahoto, a tura mutum asibiti da gidan jaririn. Abu na farko da za a roƙi ɗakin gwajin asibiti shi ne kada su zubar da ƙwayar da suka ware daga jikin jaririn. Al'adar ɗakunan gwaji da yawa ita ce su faɗa wa likita sunan ƙwaya da maganin da take ji, bayan 'yan kwanaki su ƙone farantin gwajin da suka raini ƙwayar a kai. Idan farantin nan ya tafi, rabin shaidarka ta tafi. A Amurka tsakanin ƙarshen 2021 da farkon 2022, jarirai huɗu ne suka kamu a binciken da ya shafi masana'antar Abbott da ke garin Sturgis a jihar Michigan, biyu suka rasu, amma ƙwayoyin jarirai biyu kaɗai aka samu aka yi musu cikakken gwaji. Wannan giɓi ya bi binciken har ƙarshensa.

A gida kuma, a shiga da ladabi, domin gida ne na masu jinya ko na masu makoki, kuma uwa tana iya ɗauka ana zarginta ne. A fara da gaisuwa da jaje, a bayyana mata cewa ana neman kare wasu jariran. Sannan a karɓi gwangwanin da ake sha, da cokalin cikinsa, da duk wani gwangwani da ba a fasa ba. A ɗauki bulumboti da kan nononsa da burushin wanke shi, da samfurin ruwan da ake haɗawa da shi, ko na filas ne ko na leda. Idan ana amfani da na'urar tatsar nono, ita ma a ɗauka. Kowanne a cikin jakarsa daban, a rubuta rana da lokaci da wanda ya karɓa. A ɗauki hoton gindin gwangwanin, domin nan ake buga lambar rukuni, wato lambar da ke nuna gwangwanayen da aka yi tare, da ranar ƙarewar wa'adi.

A tambayi uwa yadda take haɗawa, kuma a bar ta ta nuna da hannunta. Ruwan da zafi ne ko ya huce? Idan jaririn ya rage, zubarwa take yi ko ajiyewa? Ina ake kife bulumboti bayan an wanke?

Dalilin wannan duka shi ne Cronobacter tana rayuwa a gidaje ma, a ƙura da wurin wanke-wanke. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton jarirai biyu daga 2021 da 2022: ɗaya ƙwayarsa ta yi daidai da wadda aka samu a buɗaɗɗen gwangwani a gidansu, ɗayan kuma ta yi daidai da wadda aka samu a kayan tatsar nono. Saboda haka samun ƙwaya a buɗaɗɗen gwangwani bai nuna daga ina ta shiga ba. Gwangwanin da ba a fasa ba shi ne mai magana da ƙarfi. A jihar Tennessee ta Amurka a 2001, da wani bakwaini ya rasu a sashen kula da jarirai, abin da ya warware zancen shi ne an samu ƙwaya iri ɗaya a jikinsa da kuma a gwangwanayen da ba a buɗe ba na rukuni guda.

Mataki na biyu: tsayar da kaya, buɗe takardu

Da zarar lambar rukuni ta zo hannu, a dakatar da duk abin da ya rage na wannan rukuni a sito, da na gabansa da na bayansa. Ba a jiran sakamakon gwaji kafin a yi haka. A sanar da hukuma a ranar.

Lambar tana faɗa maka masana'anta, da layin da aka cika gwangwanin, da rana. Daga nan sai a bi ta baya da gaba. Ta baya: wace hasumiya ce ta busar da garin, a wane rumbu ya kwana, wane buhun bitamin ko na sitaci aka zuba masa, daga wane mai kawo kaya. Ta gaba: katan nawa aka yi, nawa ke sito, nawa aka lalata, nawa suka fita, zuwa wane dila, a wace ƙasa. Lissafin nan dole ya tashi daidai. Idan an yi katan 10,000 kuma 9,400 kaɗai ka iya nunawa, to 600 suna wani wuri, wataƙila a kan kantar wani shago.

Akwai tambaya ɗaya da ake yawan mantawa da ita, kuma ita ce take faɗaɗa matsala: ina ake kai ragowar gari? Masana'antu sukan mayar da garin da ya rage daga wani rukuni cikin wani sabo. Idan ana haka, katangar da ke tsakanin rukuni da rukuni ta rushe, lambar da ke gindin gwangwani ba ta ƙara nuna iyakar haɗarin ba. Haka nan a nemo ranar ƙarshe da aka tsayar da layin gaba ɗaya aka tsabtace shi, da shaidar gwaji cewa tsabtar ta yi. Duk abin da ya bi layin daga wannan rana abin zargi ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Masana'antar da ba ta riƙe waɗannan takardu tun kafin matsala ba, ba ta da zaɓi sai ta janye komai.

Mataki na uku: gwada garin, amma ka san iyakar gwajin

Ƙa'idar Codex, kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ta 2008 kan garin madarar jarirai ta ce a ɗebi samfur 30, kowanne giram 10, don neman Cronobacter, da samfur 60, kowanne giram 25, don neman Salmonella, kuma kada a samu ko a ɗaya. Masana'antu na ajiye gwangwanaye daga kowane rukuni don irin wannan rana. A ɗauko su, a gwada, kuma a ɗebi fiye da abin da ƙa'ida ta ce.

A ɗakin gwaji, bisa hanyar gwaji ta ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 22964, ba a zuba garin kai tsaye a faranti. Ƙwayar da ta daɗe a bushe a galabaice take, sai an lallaɓa ta. Ana jiƙa giram 10 a ruwan fefton, wani ruwa mai ciyar da ƙwaya, mililita 90, a bar shi wajen awa 18 a ɗumi irin na jikin mutum. Sannan a ɗebi kaɗan a zuba a wani romo da ke danne sauran ƙwayoyi, a digiri 41.5, kwana ɗaya. Daga nan a shafa a faranti mai sinadarin canza launi, a ƙara kwana ɗaya. Idan Cronobacter na nan, za ka ga ɗige-ɗige shuɗaye masu ratsin kore. Wannan zato ne tukuna. Sai an tabbatar da gwajin DNA, wato rubutun halittar da ke cikin ƙwayar, ko na'urar tantance furotin. Kuma kada a ɗauki ɗigo ɗaya a ce an gama. A tsinci da yawa, domin faranti guda yana iya ɗaukar dangi biyu ko uku, mai laifin kuma ya zama wanda ka bari.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai wannan aiki ya zauna ya lissafa da kansa. Samfur 30 na giram 10 giram 300 ke nan, daga rukunin da ke iya kai tan da yawa. A ce ƙwaya ɗaya ce a kowane kilo, kuma ta watsu daidai ko'ina. Lissafi ya nuna cewa sau 74 cikin 100 za ka gwada giram 300 ɗin nan ba ka ga komai ba. Alhali gwangwani mai giram 400 jariri ɗaya ne zai shanye shi tas. A zahiri ma lamarin ya fi haka muni, don ƙwayar ba ta watsuwa daidai. Wani ɗan dunƙulen gari ne mai danshi yake ɓallowa daga bangon bututu, ya faɗa cikin gwangwani biyar ko goma, sauran dubbai lafiya lau. Idan ka samu ƙwaya a gari, ka samu babbar shaida. Idan ba ka samu ba, abin da za ka rubuta shi ne ba a gani ba a cikin abin da aka gwada, kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kai. Na sha ganin an ɗaga takardar sakamako mai tsabta kamar hukuncin alƙali, kuma duk lokacin da na gani hankalina yakan tashi.

Mataki na huɗu: shiga ginin, ka bi ruwa

Nan ne ainihin aikin. Ƙwayar tana da gida a cikin ginin, gari hanya ce kawai da take bi ta fita. Gidan ake nema.

A raba wurin gida huɗu a kan taswira. Na ɗaya, duk inda gari yake taɓawa: cikin hasumiya, bututu, matankaɗi, bakin injin cikawa. Na biyu, abin da ke maƙwabtaka da shi: jikin injin ta waje, maɓallai, murafe. Na uku, daɓe da bango da rufi da magudanar ruwa na ɗakin. Na huɗu, wajen ɗakin: baranda, sito, ɗakin canza kaya, hanyar motar ɗaga kaya. Ka fi samun ƙwaya a na uku da na huɗu, daga can take tafiya a ƙafa da taya da iska har ta kai na ɗaya.

A ɗauki samfur ta hanyar shafa soso a wurin, ana cikin aiki, bayan injuna sun yi awanni suna gudu, domin girgiza ce take fito da abin da ya ɓuya. Wanda ya shafa bayan an gama shara, sinadarin wanki ya gwada. Soson da ake shafawa da shi ya zama mai ɗauke da ruwan da ke kashe ƙarfin sinadarin wanki, a goga da ƙarfi, a wuri mai faɗi, sannan a busar da wurin da aka shafa. A kai ɗakin gwaji cikin sanyi, cikin kwana ɗaya. A wurin da yake bushe kuwa, ƙura ta fi soso amfani. Ɗebi abin da ke cikin injin zuƙe ƙura, domin ya zagaya ɗakin duka ya tara maka labarinsa. Ɗebi tsakin da matankaɗi ya tare, da garin da ya daskare a matatar iska, da wanda ya maƙale a ƙarƙashin ƙafar inji, da na cikin tayar amalanke, da na ƙasan takalman ma'aikata. Ka durƙusa, ka kwanta in ta kama, ka haska tocila. Inda tsintsiya ba ta kaiwa nan za ka kai hannu. Binciken gaske samfur ɗaruruwa yake ci.

Ban da ƙwayoyin nan biyu, a ƙirga danginsu gaba ɗaya, waɗanda ake kira Enterobacteriaceae. Su sun fi sauƙin samu, kuma inda suka yi yawa alama ce cewa danshi ya taɓa wurin.

Danshi shi ne bakin zaren. Ɗakin gari an gina shi ne ya zauna a bushe, ana tsabtace shi da injin zuƙe ƙura da burushi da kankara. Gari da ruwa da ɗumi in suka haɗu, ƙwaya ɗaya takan zama miliyoyi cikin dare, ta yi wani yauƙi a jikin ƙarfe da ke kare ta daga sinadari, sannan wurin ya bushe, ta koma ƙura ta tashi. Saboda haka ka ɗaga kai ka dubi rufi: akwai tabon yoyo? Bututun ruwan sanyi yana gumi yana ɗiga? Akwai inda ruwa ke kwanciya a daɓe? Bangon hasumiya ya tsage? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan maganar ba karin magana ba ce kawai: ruwan wanki yana bi ta tsagar ya shige cikin abin da aka lulluɓe hasumiyar da shi don riƙe zafi, ya zauna can inda babu mai gani. Masu binciken hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, da suka shiga masana'antar Sturgis daga ƙarshen Janairun 2022 sun ba da rahoton rufi mai yoyo, ruwa kwance a ƙasa, da tsaga a jikin na'urorin busarwa.

Na taɓa shiga wani wurin ƙulla gari, ba zan faɗi sunansa ba, inda wani lungu kusa da injin cikawa yake ta ba mu sakamako mara kyau, mun rasa dalili. Wata rana na yi sammako na riga kowa, sai na tarar da dattijon da ke share wurin da bokitinsa da tsumma, yana goge daɓen har yana ƙyalli. Na ce, "Baba, sannu da aiki. Kullum haka kuke yi?" Ya ce, "Ɗana, kullum. Abincin yara ne, ba zan bar shi da ƙura ba." Tsakaninsa da Allah yake aikinsa, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa a wannan ɗaki ruwa ya fi ƙura haɗari. Laifin na waɗanda ba su koya masa ba ne. Tun daga ranar, duk inda na je sai na nemi masu shara da makanikai da masu aikin dare na zauna da su. Su suka san ranar da rufi ya zuba, da ranar da aka fasa daɓe, da ƙofar da ake bari a buɗe saboda zafi. Ka tambaye su ba tare da manaja na tsaye a kansu ba, kuma kada maganarsu ta jawo musu kora, in ba haka ba gobe babu mai gaya maka komai.

Idan wuri ɗaya ya nuna ƙwaya, kada a yi saurin wanke shi a rufe zancen. A zagaye shi da sababbin samfura ta kowace fuska, sama da ƙasa, mita ɗaya, mita uku, mita biyar, kwana da kwanaki a jere. Inda sakamakon yake ƙara yawa, can ake dosa. Wurin da ka fara samu sau da yawa sawu ne kawai.

Mataki na biyar: haɗa dangantaka

Yanzu kana da ƙwayoyi daga jariri, wataƙila daga gwangwani, da kuma daga gini. Sunansu ɗaya, amma suna ɗaya ba ya nuna gida ɗaya. Abin da ke raba gardama shi ne karanta jerin DNA ɗin kowace ƙwaya gaba ɗayansa, a jera su a kwamfuta, a ƙirga wuraren da suka saɓa. Idan bambancin ɗan kaɗan ne cikin miliyoyin haruffa, kakansu ɗaya kuma ba da daɗewa ba. Idan dubbai ne, ba su haɗa komai ba.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan hanya shi ne na garin Craon a Faransa. A ƙarshen Nuwamban 2017, cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur da ke Paris ta lura da yawan Salmonella Agona a jarirai fiye da yadda aka saba. Da aka tambayi iyaye, amsoshinsu suka nuna madarar masana'anta guda ta kamfanin Lactalis. Jarirai 38 suka kamu a Faransa, aka samu wasu a Sifen da Girka. A 2005 an taɓa samun ɓarkewar wannan cuta daga wannan masana'anta, lokacin tana hannun wani kamfani, jarirai sama da 140 suka kamu. Cibiyar Pasteur ta ajiye ƙwayoyin 2005 a firiza. Da aka fito da su aka karanta, sai ga shi dangi ɗaya ne da na 2017. Shekara 12 ƙwayar tana zaune a ginin. Kamfanin da kansa ya ce a hasumiyar busarwa ta ɗaya take, kuma aikin gyaran da aka yi a farkon 2017, inda aka taɓa bango da daɓe, shi ya tayar da ita. A ƙarshe aka rufe wannan hasumiya, aka janye gwangwani miliyan 12 daga ƙasashe 83, har da na Afirka.

Wani abin da ya fito a Craon shi ne gwajin cikin gida na kamfanin ya ga Salmonella a muhallin masana'antar a watan Agusta da Nuwamban 2017, amma da yake ba a cikin gari aka gani ba, ba a kai wa hukuma ba. Bayan haka Faransa ta gyara dokarta a 2018 don irin wannan sakamako ma a riƙa sanar da shi.

Sturgis kuma ta koyar da ɗaya gefen. An samu dangin Cronobacter har biyar a cikin ginin, amma babu wanda ya yi daidai da na jariran biyu da aka gwada, su biyun ma ba su yi daidai da juna ba. Kamfanin ya tsaya kan cewa babu tabbatacciyar shaida da ta haɗa kayansa da rashin lafiyar. A nawa ganin, abin da sakamakon ya nuna shi ne ba a tabbatar da alaƙa ba, bai nuna an wanke ginin ba. Gidan da aka samu dangi biyar, wa zai rantse babu na shida? Mai bincike ya rubuta duka biyun da gaskiya, kada ya ƙara gishiri ta kowane ɓangare.

Karatun DNA yana amsa wata tambayar mai amfani ga masana'anta. Idan dangi ɗaya kake ta samu wata bayan wata, ƙwayar 'yar gida ce, tana da maɓoya, sai an kwance inji ko an fasa daɓe. Idan kuma kowane lokaci sabuwar fuska ce, baƙi ne ke shigowa, sai a duba buhunan da ake kawowa, da matatar iska, da takalma, da ƙofofi. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Mataki na shida: jera komai a kan kalanda

Samu babban allo. A layi ɗaya rubuta ranakun da jarirai suka fara ciwo. A na biyu ranakun da aka sarrafa rukunan da suka sha. A na uku duk wani sakamako mara kyau na shekaru biyu ko uku da suka wuce. A na huɗu duk ranar da ruwa ya shiga inda bai kamata ba, da ranar gyara, da ranar da aka canza mai kawo kaya, da ranar da aka tsayar da hasumiya aka wanke. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa da ido za ka ga inda layukan suka haɗu, kuma daga nan ne za ka san daga wace rana janyewa za ta fara.

Mataki na bakwai: janyewa da sanarwa

A janye da faɗi tun karon farko. A Craon an fara da 'yan rukunai a ranar 2 ga Disamba 2017, aka yi ta ƙarawa har cikin Janairu, kuma an samu manyan kantuna suna ci gaba da sayar da kayan da aka riga aka janye. Janyewa kashi-kashi tana rikita iyaye da masu shago. Sanarwa ta faɗi sunan madara, da lambar, da inda za a duba ta a jikin gwangwani, da alamomin da za su sa a garzaya asibiti.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin madarar jarirai da yawa da ke kantunan Kano da Yamai daga waje take zuwa, wata ta hannun dila mai rajista da hukuma, kamar NAFDAC a Najeriya, wata a jakar matafiyi. Ta biyun babu takardar da za ta bi sawunta. Sanarwar da ta tsaya a shafin intanet da Turanci ko Faransanci ba za ta kai ga uwar da ke buƙatarta ba; sai an bi ta rediyo da Hausa, da asibitocin haihuwa, da masu kemis. A haɗa da shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar tun 2007: a tafasa ruwa, a haɗa madara tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, wato kada ya wuce minti 30 da saukewa, a sanyaya bulumbotin a ruwan sanyi kafin a ba jariri, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. Uwar da ke iya shayar da nono zalla wata shida ta kauce wa haɗarin garin madara, wadda kuma lalura ta sa ba za ta iya ba, a koya mata haɗin ba tare da gori ba.

Mataki na takwas: gyara da sake buɗewa

A toshe hanyar ruwa tukuna, sannan a zo kan maɓoyar. Abin da ba ya wankuwa a cire shi: roba mai tsaga, bututu mai rami, lulluɓin da ya jiƙe. Idan dole sai an yi wankin ruwa, a killace wurin, a busar da shi sarai, a tabbatar da bushewar kafin gari ya sake bi. Sannan a kunna layin, a riƙe duk abin da ya fito a sito, a yi ta ɗaukar samfur a wuraren da suka taɓa nuna ƙwaya. Sakamako mai kyau sau ɗaya bai isa ba, sai ya maimaitu a jere cikin makonni, har da bayan ruwan sama. Sturgis ta sake buɗewa ranar 4 ga Yunin 2022, ba a yi sati biyu ba ruwan sama mai ƙarfi ya malale wani sashe nata, aka sake rufewa, aka sake tsabtacewa da gwaji, sai a Yuli aiki ya dawo.

Ƙwayoyin da aka ware kuwa, ta jariri da ta gwangwani da ta ƙarƙashin ƙafar inji, kowace a zuba ta a ƙaramar kwalba, a rubuta mata wuri da rana da lambar samfur, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kwafi biyu a gini biyu saboda ɗaukewar wuta. Jerin DNA ɗinsu kuma a saka a rumbun bayanan da hukumomin lafiya ke dubawa, yadda idan wani jariri ya kamu a wata ƙasa bayan shekara biyar, mai binciken can zai samu abin da zai gwada nasa da shi.